Ceto mujallun faifai na zamanin Apple II da Commodore 64

Mujallun faifai mujallu ne da aka riƙa fitarwa a faifan kwamfuta (floppy) maimakon takarda. Wannan shawara kan yadda za a ceto abin da ke cikinsu ta shafi mujallun Amurka irin su Softdisk, wadda ta fara fita a 1981 don kwamfutar Apple II, da Loadstar ta 1984 don Commodore 64, dukansu a faifan inci 5.25.

Kafin komai a riƙa juya faifan a cikin marufinsa ana dubawa ta tagarsa. In akwai fumfuna, kada a saka shi a na'urar karanta faifai, domin kan karatun zai kankare shafen maganaɗisun da ke riƙe da bayanan, bayanan su tafi ke nan. A manna salatif a kan tsagar gefe don hana rubutu.

Kwamfutar PC ba ta karanta su kai tsaye: ita tsarin rubuta bayanai na MFM ta sani, su kuwa da wani tsarin daban, GCR, aka rubuta su. Sai a nemi na'urar da ke haɗa PC da na'urar karanta faifai, kamar Greaseweazle ko KryoFlux, ko ZoomFloppy ga mai 1541, wato na'urar karanta faifai ta Commodore.

Wani kuskuren da ake yi shi ne mantawa da bayan faifan. Yawanci akwai rubutu a can ma, sai an kifa shi. Ga faifan Commodore 64, kwafi a fayil nau'in D64 ya wadatar, amma in faifan yana da kariyar kwafi, nau'in G64 ake yi, sannan a gwada shi a VICE, manhajar da ke kwaikwayon Commodore 64 a PC.