Abin da aka tattauna kan dam ɗin Kafin Zaki

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawararmu kan ko ya kamata a gina dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are a jihar Bauchi:

1. Kusan kowa ya yarda a binciki illar aikin ga muhalli tun kafin a ba da kwangila, kamar yadda dokar Najeriya ta 1992 ta tanada.

2. Da yawa sun ce a duba dam ɗin Tiga da na Challawa, waɗanda aka gina a jihar Kano a kan kogunan da ke kwarara cikin kogin Haɗeja. Tun da aka tare kogin Haɗeja, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja zuwa Nguru ta ragu, ciyawar kacala ta toshe magudanai, masunta da masu shinkafa suka ji a jikinsu. Idan aka tare kogin Jama'are ma, wane ruwa zai isa kogin Komadugu Yobe, wanda Haɗeja da Jama'are ke haɗuwa su samar? Nan hankalina ya fi tashi.

3. Komadugu Yobe iyaka ce tsakaninmu da Nijar, manoman tattasai na Diffa da ita suka dogara. A saurare su, a kuma mutunta yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwa tsakanin Najeriya da Nijar.

4. Inda aka rabu: mutanen Bauchi na son noman rani, wasu kuma sun ce kada a taɓa kogin sai an tsara yadda za a riƙa sakin ruwa duk damina.