Musayar Waƙa: Hakeem Olajuwon, Dogon Ikko

Baffan Yara:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yau a kan Hakeem Olajuwon za mu yi, tsohon tauraron NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Ƙwar huɗu, amsa-amo "wa". Bismillah.

A Ikko aka haifi dogon nan,
1963 ce shekarar nan,
Siminti iyayensa ke sayarwa a can,
Shi ko gola ne, ƙwallo ba ta wucewa.

Ƙwallon kwando bai san ta ba da yarinta,
Sai da ya tasa ya gane zaƙinta,
Jami'ar Houston ta karɓe shi dominta,
Ya ƙetare teku da guzurin kewa.

'Yar Katsina:
Baffa ka buɗe da kyau, bari in ɗora.

A 1984 aka zaɓi sabbin 'yan wasa,
Ƙungiyar Houston Rockets ta ɗaga shi na ɗaya a gasa,
Michael Jordan na uku, yana ƙasa,
Wannan kaɗai ya isa a yi jinjinawa.

Ƙafar golan nan ce ta yi masa rana,
Ya karkata dama, ka bi shi kana murna,
Ya murɗa hagu, ya bar ka da ƙuna,
Kafin ka waiga ta faɗa, ba tsayawa.

1994 da 1995, kofi biyu a jere,
Jifa 3,830 hannunsa ya tare,
Har yau a NBA ba wanda ya ƙetare,
New York da Orlando sun ɗanɗani faɗuwa.

Ɗan Sabon Gari:
Yaya, duk na ji. Amma ni akwai abin da ke ci mini rai.

Rigar Amurka ya sa a Atlanta,
Olympics ɗin 1996, zinare ya ciyo mata,
Ƙasar da ta haife shi fa, ina rabonta?
Ciwon nan a raina bai fara warkewa.

Goggon Zaure:
Ɗana, ban raina ciwonka ba. Saurara dai.

Da azumi a baki yake shiga fili,
Gumi na zuba, ba ruwa ko a cokali,
Fabrairun 1995 ta shaidi hali,
Gwarzon wata ya zama, da ƙishi da yunwa.

Takalmin da ke ɗauke da sunansa,
Dala 35 ya yarda a sa kuɗinsa,
Don talaka ma ya saya wa ɗansa,
Na wasu ya haura ɗari, sai kallo da wucewa.

Baffan Yara:
Madalla Goggo. Ga na bayan ritaya, da zancen gida.

A Toronto, 2002, ya ajiye ya huta,
Ya kwashi iyali sai ƙasar Jodan don ya karanta,
'Yarsa Abisola ta gaji babanta,
Har WNBA, gasar mata, ta kai da bugawa.

Harkar gidaje ya shiga da saye,
Kuɗi a hannu, bashin ruwa ya kiyaye,
Tsohon banki a Houston, ga shi nan tsaye,
Ya mai da shi masallaci, cibiyar da'awa.

Ɗan Sabon Gari:
Allah Ya saka masa da alheri. Ni dai ina nan kan bakata.

Na yarda, Goggo, halinsa ba tababa,
Amma a Atlantar su Kanu suka shige gaba,
Da rigarmu suka doke Ajantina, ku duba,
Irinta na so in ga Hakeem yana sawa.