Idan an tsare gandun daji da kyau, me ya sa ake cewa sai an haɗa shi da ƙasar da ke kewaye da shi?

Malam Habu:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana harkar gandun daji da ke wannan zaure. A yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka amince da ita a birnin Montreal na Kanada a watan Disamba na 2022, an yi alkawarin kare kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa da na teku kafin 2030. Sai dai ba a tsaya ga yawan fili kaɗai ba, an gindaya sharaɗin cewa wuraren da aka keɓe su kasance a haɗe da juna, kada kuma a yanke su daga ƙasar da ke kewaye da su. Wannan sharaɗi ne ya ɗaure mini kai. A fahimtata, dalilin keɓe gandun daji shi ne a raba namun daji da abin da ke halaka su, wato mafarauta da masu sare itatuwa da masu faɗaɗa gonaki. To, idan an shata iyaka, an zuba ma'aikata, an hana shiga, me zai sa kuma a buɗe wa dabba hanyar fita zuwa inda babu mai tsaronta? Ashe ba zai fi ba a kewaye gandun da waya, kuɗin da za a kashe wajen samar da burtali, wato hanyar wucewar namun daji daga wannan daji zuwa wancan, kuma a ƙara wa masu gadi albashi da kayan aiki da su?

Malama Rabi:

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Masu gadi suna hana mafarauci shiga, amma akwai mutuwar da ba daga waje take zuwa ba, a cikin gandun take tsirowa, kuma bindigar mai gadi ba ta maganinta.

A 1967 masanan Amurka biyu, Robert MacArthur da Edward Wilson, sun bayyana dalilin da ya sa ƙaramin tsibiri mai nisa da gaɓa ba ya riƙe ire-iren halittu masu yawa: kowane iri da ke cikinsa adadinsa kaɗan ne, fari ɗaya ko annoba ɗaya ko gobara ɗaya tana iya ƙarar da shi, kuma idan ya ƙare babu maƙwabcin da zai ƙetaro ya maye gurbinsa. Gandun da gonaki da tituna da garuruwa suka yi wa ƙawanya yana shiga irin wannan hali, ko da babu ɗigon ruwa a gefensa. A 1987 William Newmark ya bi diddigin manyan gandayen yammacin Amurka ta Arewa, ya gano cewa wasu ire-iren dabbobi masu shayarwa sun ɓace daga cikinsu bayan an kafa su, kuma ƙananan gandayen ne suka fi asara. Waɗannan wurare ne da doka take tsaronsu sosai, ba wuraren da aka yi wa riƙon sakainar kashi ba.

Sai kuma matsalar jini. Idan dabbobi kaɗan suka maƙale a wuri guda, tilas ɗa ya barbari uwarsa, wa ya barbari ƙanwarsa, kuma lahanin da ke ɓoye a ƙwayoyin gado ya fara bayyana. Damisar Amurka da ake kira puma, wadda ta rage a kudancin jihar Florida, ta kai wannan matsayi a farkon shekarun 1990, lokacin da manyanta ba su wuce 20 zuwa 30 ba. An riƙa ganin masu lanƙwasasshiyar jela, da masu ciwon zuciya, da mazan da ba sa iya haihuwa yadda ya kamata. A 1995 aka ɗauko mata 8 daga jihar Texas aka sake su a can, kuma cikin 'yan shekaru lahanin ya ragu, adadin ya ninka. Abin lura shi ne, a da can waɗannan dabbobi da kansu suke cuɗanya da danginsu na yamma, domin dajin a haɗe yake. Abin da ƙafarsu take yi a kyauta ne aka koma yi da mota da kuɗi mai yawa, kuma har yau haɗarin mota a tituna ne ya fi kashe su a cikin musabbaban mutuwar da ake iya tantancewa.

Malam Isa:

Bayanin Malama Rabi daidai ne, amma ina ganin kada a yi saurin watsar da maganar Malam Habu, domin akwai manyan masana da suke tare da shi. A 2013 Craig Packer da abokan aikinsa sun kwatanta wuraren zama na zakuna a ƙasashen Afirka 11, suka nuna cewa gandun da aka kewaye da waya yana riƙe zakuna kusa da iyakar abin da zai iya ɗauka a kan kimanin dala 500 ga kowane murabba'in kilomita a shekara, alhali buɗaɗɗen gandu yana buƙatar wajen dala 2,000 kafin ya riƙe ko da rabin abin da ya kamata. A Ruwanda, an kammala shinge mai tsawon kimanin kilomita 120 a yammacin gandun Akagera a 2013, sannan aka dawo da zakuna a 2015, kuma da wuya a ce hakan zai yiwu ba tare da shingen ba, ganin yadda gonaki da garken shanu suka manne da iyakar.

Masu zana burtali a kan taswira ba safai suke kwana kusa da shi ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Garken giwaye yana iya share gonar da iyali suka dogara da ita a dare guda, zaki yana kashe saniya, kuma cutar da ke jikin ɓauna tana iya shiga shanu. Duk wanda ya ce a bar dabba ta ratsa ƙasar mutane, wajibi ne ya faɗi wanda zai biya wannan asara, idan ba haka ba manomi zai nemi maganin abin da guba ko tarko, burtalin ya koma makabarta. Afirka ta Kudu ta zaɓi wata hanya ga ƙananan gandayenta masu shinge: ana ɗaukar dabba daga wannan gandu a kai ta wancan lokaci-lokaci domin a sauya jini. Aiki ne mai tsada da ba ya ƙarewa, amma yana tafiya.

Malama Rabi:

Malam Isa, na yarda da kai a kan batun asarar manomi, kuma na yarda cewa inda jama'a suka yi cunkoso shinge yana iya zama abin da ya rage. Amma wancan binciken bai wuce ba tare da martani ba, domin Scott Creel da wasu masana da yawa sun nuna cewa yawancin gandayen masu shinge ƙanana ne masu zakuna ƙalilan, kuma akasarin zakunan nahiyar a manyan wuraren da ba a kewaye ba suke. Bugu da ƙari, zaki dabba ce mai zama a yanki guda. Lissafin yana rushewa da zarar an zo kan dabbar da rayuwarta ta dogara ga bin ruwan sama.

Botswana ta ɗanɗana wannan. Tun daga shekarun 1950 aka riƙa kafa dogayen shingaye domin raba namun daji da shanu saboda cutar ƙafa da baki, kuma a lokacin farin da aka yi a shekarun 1980 dubban dabbobin hamadar Kalahari sun mutu da ƙishirwa, saboda waya ta tare hanyar da suka saba bi zuwa ruwa. A wannan ƙasa kuma aka ga akasin haka. Wani shinge da aka kafa a 1968 ya datse ƙaurar jakunan dawa daga fadamar Okabango zuwa filayen gishiri na Makgadikgadi, da aka cire shi a 2004 sai ƙaurar ta dawo cikin 'yan shekaru, duk da cewa a tsawon wancan lokaci zuriyar da ta san hanyar ta riga ta shuɗe. Giwayen Gurma a ƙasar Mali kuwa suna zagaya yanki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 32,000 a kowace shekara, suna bin tafkunan arewa da rani, suna gangarawa kudu da damina. Wane shinge ne zai kewaye wannan, kuma idan an tsare su a kusurwa guda, me za su sha a watannin bazara?

Ga kuma sauyin yanayi. Wani nazari da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa, a matsakaicin lissafi, halittu suna matsawa wajen kilomita 17 zuwa yankuna masu sanyi a kowace shekara goma, ko kuma su haura tsauni da kimanin mita 11. Iyakar gandu a tsaye take inda aka shata ta, yanayin da ya dace da dabbar ko bishiyar kuwa yana tafiya.

Malam Habu:

Na gode muku duka, kuma na gamsu cewa tsaro kaɗai bai isa ba. Sai dai maganar Malam Isa ta haifar mini da wata tambaya. Ta yaya ake sanin cewa burtali yana aiki da gaske, ba zane ne kawai da aka yi domin cika sharaɗin yarjejeniya ba?

Dakta Ladi:

Malam Habu, wannan tambaya ta biyu ta fi ta farko wuya, kuma a nan ne ayyuka da yawa suke faɗuwa. Ganin koren layi a hoton tauraron ɗan'adam ba hujja ba ce. Hujja ita ce dabbar ta bi hanyar, ta isa ɗaya gefen da ranta, sannan ta hayayyafa a can. Ana tabbatar da haka da kyamarorin da ake ɗaurewa a bishiya, da na'urar bin sawu da ake rataya wa dabba a wuya, da gwajin ƙwayoyin gado daga gashi ko kashi.

A gandun Banff na Kanada, inda babban titi ya ratsa tsakiyar daji, an yi wa titin shinge, aka gina mashigai 44, guda 6 gadoji ne ta sama, 38 kuma ta ƙarƙashin titi, kuma karon mota da dabba ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Amma an lura cewa manyan beyar da kyarketai sun fi son faffaɗar gada buɗaɗɗiya, puma kuwa ta fi son ƙuntataccen rami, kuma wasu dabbobin sai da suka shafe shekaru kafin su saba. Wato mashigar da ta yi wa wannan iri daidai tana iya zama bango ga wancan. Ku lura kuma cewa shinge da mashiga tare suka yi aiki a wurin, saboda haka muhawarar Malam Isa da Malama Rabi ba lallai ta ƙare da zaɓen ɗaya a bar ɗaya ba. Haka aka yi a Kenya, inda burtali mai tsawon kilomita 14, mai shinge a gefensa biyu, ya haɗa dajin Dutsen Kenya da na Ngare Ndare ta ƙarƙashin babban titi, giwaye suna wucewa, gonakin gefe kuma suna tsira.

Ina so kuma mu daina kallon lamarin ta fuskar manyan dabbobi kaɗai. A jihar Karolina ta Kudu an yi gwaji na dogon lokaci, aka buɗe filaye masu girma ɗaya a cikin daji, wasu aka haɗa su da siririn burtali, wasu aka bar su a ware, kuma bayan shekara 18 waɗanda aka haɗa sun fi sauran yawan ire-iren tsirrai da kimanin kashi 14 cikin 100, domin iska da tsuntsaye da ƙwari suna bin hanyar da iri da garin fure. Kogi ma burtali ne: da aka rushe madatsun ruwa biyu na kogin Elwha a jihar Washington tsakanin 2011 da 2014, kifin salmon ya sake haurawa zuwa wuraren da aka raba shi da su kusan shekara 100. Tsuntsun da ke ƙaura tsakanin Turai da Afirka kuwa ba ya buƙatar layi a ƙasa, abin da yake buƙata shi ne jerin fadamu da zai riƙa ya da zango a cikinsu, kuma idan aka busar da guda ɗaya mai muhimmanci, tsaron da ake yi masa a can inda yake ƙwai ba zai cece shi ba.

A kan batun cika sharaɗi, alkaluman ba su da daɗin ji. Wani lissafi da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa, a lokacin da kusan kashi 15 cikin 100 na doron ƙasa yake ƙarƙashin kariya, kashi 7.5 ne kawai za a iya cewa yana da kariya kuma a haɗe yake. Ragowar aikin a ƙasar mutane yake, a gonaki da makiyaya da bakin rafuka, shi ya sa na ɗauki maganar Malam Isa a matsayin ginshiƙin lamarin. Gandun Nairobi, mai faɗin murabba'in kilomita 117, an kewaye shi ta fuska uku, kudancinsa ne kawai a buɗe zuwa filayen Kitengela, kuma a 2000 aka fara biyan masu filayen kuɗin haya domin kada su kafa waya ko su yanka filin su sayar. Tsarin ya taimaka, amma darajar fili a gefen birni mai bunƙasa ta fi kuɗin hayar nesa ba kusa ba, kuma gine-gine sun ci gaba da cin hanyar. Saboda haka idan aka nuna maka burtali a taswira, Malam Habu, ka tambayi dabbar da aka yi shi dominta da shaidar cewa tana bi, sannan ka tambayi wanda ya mallaki ƙasar, da abin da ake ba shi, da kuma shekarun da yarjejeniyarsa za ta ɗauka.