Ranar da duba-gari suka zo: abin da mazauna Jos suka gani da idonsu

Malamin firamare, Gangare:
Assalamu alaikum. Damina ta ƙarato, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa nake roƙon duk wanda jami'an tsaftar muhalli suka taɓa shiga gidansa ko shagonsa ya ba mu labarin abin da suka duba da abin da ya biyo baya. Yawancin matasan unguwarmu sun ɗauka aikin duba-gari bai wuce tare hanya ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da cin tarar wanda ya fito ba, alhali kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mayanka da bayan-gidan jama'a da kwashe shara, ga kuma PEPSA, hukumar kare muhalli da tsafta ta Filato, a matakin jiha. Abin da mutum ya gani da idonsa muke so, ba jita-jita ba.

Uwargida, Rikkos:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu a daminar 2021 suka zo mana, shekarar da kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000. Yaron maƙwabtanmu ne ya kwanta da amai da gudawa, bayan an kai shi asibiti sai ga ma'aikata tare da mai unguwa suna bin gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya. Da yake gidanmu ba a shiga, mace ce daga cikinsu ta shigo, sauran suka tsaya a zaure da maigida. Ba ta kalli sharar tsakar gida ba, wadda ni kuma ita na yi ta rawar jiki a kanta. Kai tsaye ta nufi rijiya, ta taka daga nan zuwa masai tana ƙirga takunta, sannan ta ce ƙa'ida ita ce a samu tazarar kusan mita 30 tsakaninsu. Na yi dariya, domin gidan namu gaba ɗayansa bai kai haka ba, kuma masan maƙwabta ma a jikin katangarmu yake. Ita ma ta san da haka, don haka ba ta ce mu tashi rijiya ba. Ta nuna mini cewa bakin rijiyar ya yi ƙasa har ruwan tsakar gida yana gangarawa ciki idan an yi ruwan sama, guga da igiya suna yashe a ƙasa inda yara ke takawa, sannan moɗa ɗaya ce kowa ke tsomawa a randa ya sha ya mayar. Sun zuba sinadarin kulorin a rijiyar, suka ba mu wanda za mu riƙa sawa a ruwan sha mu jira rabin awa kafin a sha. Ta kuma koya mini haɗin ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a riƙa bai wa mai gudawa tun a hanyar asibiti. Maigida ya ɗaga bakin rijiyar da bulo, ya yi mata murfi, muka kafa ƙusa don rataye guga. Ba wanda ya kamu a gidanmu, kuma ko sisi ba su karɓa ba.

Mai sayar da abinci, kusa da Taminus:
Hajiya, ke kin yi dace. Mu da ke bakin titi iri biyu muke gani. Akwai waɗanda suka zo da katin shaida, suka buɗe tukwanena, suka tambayi inda nake sayen ruwa, suka ce in kai kaina da yarana biyu gwajin lafiya na masu sana'ar abinci, suka rubuta mini takardar gargaɗi da wa'adi, kuma suka dawo kamar yadda suka faɗa. Abin da suka fi matsa mini a kai shi ne kwanon wanke hannu guda da kowa ke tsoma hannu a ciki, da ruwan wanke-wanken da ba a sauyawa sai ya yi kauri, da shinkafar safe da ke kaiwa la'asar tana ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi. Na koma bokiti mai famfo da sabulu, na kuma riƙa dafa shinkafa sau biyu, kuma masu cin abincina sun lura. Amma akwai wasu da ke zuwa ba takarda ba rasit, ba su taɓa ɗaga murfin tukunya ba, na goro kawai suke nema. Waɗannan su ne suka sa idan an ce ga duba-gari nan sai ki ga mata suna kwashe kwanuka suna ɓuya.

Tsohon duba-gari mai ritaya, Bukur:
'Yata mai abinci, abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma kin riga kin gano yadda ake bambance su. Na koyi aikin nan a kwalejin fasahar kiwon lafiya ta Pankshin, kuma tsarin da aka koya mana hawa-hawa ne: a duba, a yi bayani, a ba da takardar gargaɗi da wa'adin gyara, a dawo a sake dubawa, sai idan mutum ya ƙi sannan a kai shi kotu. Alƙali ne ke yanke tara, ba jami'in da ke tsaye a ƙofar shago ba. Tun 2002 akwai majalisar da doka ta kafa don yi wa masu wannan aiki rajista, saboda haka kina da haƙƙin neman katin shaida, kuma duk kuɗin da ba rasit ba na hukuma ba ne.

Magabatanmu na zamanin En'e da ludayi mai dogon hannu suke yawo, suna ɗibar ruwan randa suna neman 'ya'yan sauro, kuma jama'a na tsoronsu ƙwarai. Ban ce a koma wannan tsoro ba, amma su gida-gida suke bi duk tsawon shekara. Tsaftar muhalli ta wata-wata, wadda ta samo asali daga yaƙi da rashin ɗa'a na mulkin soja a tsakiyar shekarun 1980, tana da amfaninta, sai dai ta koya wa mutane cewa tsafta aikin safiya ɗaya ce a wata. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a ga matasa sun sha wahala sun yashe kwata, sun jibge dagwalon a bakin titi, mota ba ta zo ta kwashe ba, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito.

Sannan mutanen Jos su ne ya kamata su fi kowa sanin zazzaɓin Lassa. A 1969 aka fara gane cutar, lokacin da aka kawo wata ma'aikaciyar jinya ta mishan daga garin Lassa na ƙasar Borno zuwa wani asibitin mishan a Jos, inda ta rasu, kuma a 1970 likitar da ke kula da masu cutar a asibitin Jankwano ita ma ta kamu ta rasu. Ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana barin ta a fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, kuma ta fi tashi da rani. Shi ya sa idan na shiga gida nakan wuce tsakar gida in nufi ɗakin ajiya, in ga ko hatsi yana cikin mazubi mai murfi, ko akwai ramuka a gindin bango, ko ana shanya masara da garin rogo a ƙasa a bar su su kwana. Gida yana iya zama a share tas, amma buhun garin tuwo a buɗe ɓera yana kwana a ciki. A sashen da na yi aiki, yawancin waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, kuma jami'i ɗaya ba abin hawa ba zai iya bin gidajen gunduma guda ba, sai dai ya jira a kira shi bayan cuta ta ɓarke.

Mahauci, Ali Kazaure:
Baba, a gaishe ka. A wajenmu likitan dabbobi ne ke duba nama, duba-gari kuma suna duba wurin da ruwa da inda jini da kashin tumbi ke gangarawa. An taɓa hana ni huhu da hantar wani sa da na saya da tsada, likitan ya yanka ya nuna mini ƙulle-ƙullen da ke cikin huhun ya ce alamar tarin fuka ce, kuma tana iya kama mutum. Na ji zafin asarar, Sarkin Pawa ne ya ba ni haƙuri. Damuwata ita ce dabbar da ake yankawa a bayan gida da asuba don kada a duba ta, domin wadda mai ita ke shakkar lafiyarta ce ake kaiwa can, kuma a teburi ɗaya da namu ake sayar da ita.

Manomin lambu, bakin Dilimi:
Da izinin manya, ni ina da ja. Kowa a nan ya tuna ambaliyar Yulin 2012 da ta ci mutum fiye da 30 a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, kuma bayanta jami'ai sun bi mu suna hana zuba shara a rafi. Sun yi gaskiya, domin da ruwan nan muke ban-ruwan latas da kabeji da karas da ake kaiwa Farin Gada, kuma da rani ina tsamo leda da ƙunzugun yara daga bakin injina. Amma na tambayi wanda ya zo mana inda za mu kai sharar, tunda lungunanmu mota ba ta shiga kuma babu mazubi kusa, sai ya ce wannan ba sashensa ba ne. Matar da ke da yara biyar ba za ta ajiye shara a ɗaki ba. Almajiri za ta ba, shi kuma rafi ne mafi kusa da shi. Baba, ina amfanin gargaɗin da ba a haɗa shi da mafita ba?

Tsohon duba-gari mai ritaya, Bukur:
Ɗana, ba shi da amfani, kuma amsar da jami'in ya ba ka ba ta dace ba, domin rubuta rahoton rashin mazubi yana cikin aikinsa. Ƙorafin baki ba ya shiga fayil. Ku rubuta takarda ta hannun mai unguwa zuwa ga shugaban sashen tsaftar muhalli na ƙaramar hukuma, ku faɗi sunan layin da yawan gidajen, ku nuna fili ɗaya a bakin babban titi da mota za ta iya tsayawa, ku karɓi kofen da aka buga wa hatimi ku ajiye. A wata unguwa da na yi aiki, gidaje sun riƙa tara kuɗi kaɗan duk mako suna biyan matasa masu baro su fitar da shara daga lungu zuwa irin wannan wuri, mu kuma muka riƙa bin masu mota da kofen takardar.

Uwargida, Rikkos:
Baba, a sa mana batun 'yan ga-ruwa a cikin takardar. Rijiyarmu takan ƙafe tun watan Fabrairu, daga nan sai ruwan jarka, kuma ban taɓa ganin wanda ya leƙa cikin jarkokin nan ko ya bi su inda suke ɗebowa ba.