Rake, masaƙu da tallafin Turai a Mauritius

Tambaya: 'Yan'uwa, shin tallafin waje ne ya raba tsibirin Mauritius da dogaro kan rake kaɗai?

Amsa: Malam, ba shi kaɗai ba. Yarjejeniyar Lome ta 1975, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla da wasu ƙasashe masu tasowa kan ciniki da tallafi, ta ba sukarin Mauritius farashi mai tsoka a Turai, kuma masu gonaki suka zuba ribar a masaƙu da otal-otal, domin tun 1970 gwamnati ta sauƙaƙa haraji ga masana'antun da ke fitar da kaya.

Amsa: Da Tarayyar Turai ta fara zaftare farashin a 2006, har ragin ya kai kashi 36 cikin ɗari, tallafinta bai hana ƙananan manoma da dama barin gonakinsu ba.

Amsa: A ganina, buɗe musu kasuwa ya fi kyautar kuɗi amfani.