Potasiyam ya haura 6 amma mara lafiya garau, me kuka taɓa gani?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum manyanmu. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a ɓangaren kemistiri na ɗakin gwajin jini (lab) ce, ni ban jima da fara zama a bencin gwaji ba. In potasiyam, sinadarin nan da ake aunawa a jini, ya fito sama, a ce 6.4 ko ma 7, kuma kwantirol ɗin safe, wato samfurin da ake gwada ingancin inji da shi, ya shiga daidai, me kuke fara dubawa kafin ku saki sakamako? A aji an ce mana 3.5 zuwa 5.0 mmol/L ne daidai kuma in ya haura sosai zuciya na iya tsayawa, toh amma sai ka ga an ce mai jinin yana zaune bakin gado yana hira abinsa. Dan Allah kowa ya kawo wanda ya gani da idonsa, ba na littafi kaɗai ba.

Baban Lab:
Wa alaikumus salam ƴata. Kafin komai ɗaga kwalbar ki kalli siram ɗin, wato ruwan da ke tashi sama bayan jini ya daskare an raba shi, a haske, inji ba ya gudu. In kin ga ya yi jaja-jaja maimakon rawaya toh jajayen ƙwayoyin sun fashe, kuma potasiyam ɗin da ke cikinsu ya ninka na waje fiye da sau 20, kinga kaɗan ma ya zubo ya isa ya ɓata miki lissafi. Akwai lokacin da samfur ɗin wani ɗaki guda ya dinga zuwa mana a fashe kullum, sauran ɗakuna lafiya lau, sai na tashi da kaina na je na tsaya ina kallon yadda ake ɗiba. Ashe da sirinji ake ja, sannan a soka allurar a murfin kwalba a danna da ƙarfi, jinin na fita ta siririn baki har yana kumfa, gamawa kuma a jijjiga kwalbar sosai wai don ya haɗu. Na nuna musu a cire allura a buɗe murfi a bar jinin ya gangara ta jikin kwalba a hankali, a juya sama da ƙasa ba girgizawa ba, abun ya ragu sosai. Ki kuma duba sauran sinadaran da ke cikin ƙwayoyin, LDH da AST da fosfet, in an nema, tare suke tashi da potasiyam in fashewa ce.

Sista Rukky:
Baba an fara kenan, kullum laifin nas ne. Ku zo ku nemo jijiyar jaririn da ya kwana yana gudawa mu gani. Amma gaskiya abun da ka faɗa haka ne, kuma jinin da aka ja ta kanula, ɗan bututun da ake bari a jijiya don ƙarin ruwa, ya fi saurin fashewa a kan wanda aka soka kai tsaye, haka in ba a bari sifirit ya bushe a fata ba.

Nawa dai daban ne, siram ɗin tas yake ba ko ɗigon ja. Wani bawan Allah ne mai ƙiba jijiyarsa ba ta fitowa, duk zuwa sai ya fito 5.8 ko 6.0, likita har ya fara maganar cire masa maganin hawan jini. Ranar da ya faɗo hannuna ina ɗaura roba sai na ga ya fara dunƙule hannu yana saki yana dunƙulewa da sauri tun ban ce komai ba, na ce Alhaji wa ya ce ka yi haka, ya ce ai haka ake sa shi kullum har sai jijiya ta fito. Na kwance robar muka huta, na canza hannu, na ce ya sake jiki kawai, ina samun jijiya na kwance. 4.6 ya fito. Naman hannun ne ke fitar da potasiyam in ana motsa shi ga roba ta tare hanya, shiyasa ake cewa kar ta wuce minti 1 a ɗaure. Ku a lab ba yadda za a yi ku gane wannan a kwalba.

Abu Muhsin:
Wanda ba na mantawa, potasiyam 9.8 kalsiyam 0.9, alhali kalsiyam daidai yana wajen 2.2 zuwa 2.6. Na ce wannan in gaskiya ne ai ba asibiti ya kamata a kai shi ba. ALP ma, wani sinadarin da ake aunawa a jini, ya yi ƙasa warwas. Na kira aka ce yaron na wasa da wayar babarsa. Da aka bi diddigi sai ya zama jinin bai isa kwalba biyu ba, wani ya ɗan tsiyaya daga kwalbar ƙidayar jini mai murfi fafal, wato shunayya, ya cika ta kemistiri, a ganinsa jini ai jini ne. EDTA, maganin hana daskarewar da ke cikin fafal ɗin nan, gishirin potasiyam ne, K2 ko K3 a rubuce a jikinta, tana ƙara potasiyam kuma tana kama kalsiyam da magniziyam ta riƙe, ALP kuwa sai da zink da magniziyam yake aiki shiyasa yake faɗuwa. Irin wannan mai sauƙi ne don lambobin da kansu suna ihu. Mai wahalar shi ne in ɗan kaɗan ya shiga, misali an fara cika fafal da sirinji bakinsa ya taɓa ciki sannan aka koma ta kemistiri, sai ki ga 5.9 da kalsiyam 2.0, kowa ya yarda. Dalilin jerin cika kwalabe kenan, kwalbar kalca ta neman ƙwayar cuta farko, sai shuɗiya ta sitiret, sai ja ko rawaya ta siram, sai koriya ta hefarin, sai fafal, ruwan toka a ƙarshe.

Ummu Hanan:
Yaya Abu ita ruwan tokar ta suga ma tana iya jawo haka?

Abu Muhsin:
Sosai ma ƙanwata, yawancinsu sodiyam fuloraid ne da potasiyam okzalet a ciki, kinga har sodiyam zai ɗaga, kalsiyam ya sauka.

Ɗan Autan Benci:
Mu namu firij ne ya sha wahalar da mu. Muna karɓar samfur daga wani ƙaramin wurin da ba su da santirifuj, injin da ke juya jini ya raba ruwan da ƙwayoyin, mai kula da wurin mutum ne mai tsantseni wlh, in ya ɗiba da yamma sai ya adana a firij ya aiko da safe cikin kula da ƙanƙara, shi a nufinsa kar jini ya lalace. Duk nasu 6 da wani abu, siram kuma fes. Sanyi ke tsayar da famfon nan na jikin ƙwayar jini mai tura potasiyam ciki yana fitar da sodiyam, in ya tsaya sai potasiyam ya dinga tsatsowa waje a hankali ba tare da ƙwayar ta fashe ba. Wato jinin da ba a raba ba gara ya zauna a ɗaki da a saka shi a firij, mafi kyau dai a juya shi a raba cikin awa 2, bayan an raba ne siram ke shiga firij. A zafi kuma da fari yana iya ɗan sauka ma, don ƙwayoyin na ta cin gulukos suna jan potasiyam ciki, sai gulukos ya ƙare sannan ya juyo ya haura. Ni yanzu lokacin ɗiba nake fara nema a fom, in ba a rubuta ba kuma na ga gulukos ya yi ƙasa fosfet ya hau toh na san jinin ya kwana.

Likita Abba:
Ku yi haƙuri in shigo muku daga ɗaya ɓangaren, don duk labaran nan na hauhawar ƙarya ne, ina tsoron ƙanwarmu ta tashi da tunanin duk potasiyam mai yawa daga kwalba ne. Wani dare aka kawo mana dattijo yana amai jiki ba ƙarfi, muka aika jini, shiru, da na kira aka ce ai ya ɗan fashe an ajiye a sake ɗiba da safe. Na ce nawa ya bayar, aka ce 7.6. Na ce kiriyatinin fa, mai nuna aikin ƙoda, aka ce 900 da wani abu. Muka yi ECG, gwajin bugun zuciya, nan take ga zanen T a tsaye tsini-tsini, zanen QRS ya fara faɗi, alamun potasiyam ya taɓa zuciya. Ƙodarsa ce ta tsaya kuma yana shan sifironolakton da lisinofiril, dukansu masu riƙe potasiyam ne. Ɗan jan da ke siram ɗin ba zai taɓa kai mutum daga 4 zuwa 7.6 ba. Kalsiyam gulukonet da insulin da gulukos muka ba shi a daren, Allah ya sa da sauran kwana.

Roƙona ɗaya ne, ku kira mu ko da kuna zargin samfur. Ku ce ga lambar da muka samu, ga abun da muka gani a kwalba, ba mu yarda da shi ba a sake ɗiba yanzu. Ni da ke gaban mara lafiya ECG ba zai ɗauke ni minti 5 ba. Kuma ko ECG ɗin ya fito lafiya ba na sakin jiki sai na ga na biyu, don ba kowa ne yake nunawa ba.

Baban Lab:
Likita ka yi gaskiya. Ni doka ce a wajena, yuriya da kiriyatinin da bayikabonet sai na kalle su tare, in da sakamakon jiya a kwatanta. In ƙoda ta nuna matsala toh kira ne kawai, a rubuta sunan wanda ya ɗauka da lokaci, a sa shi ya maimaita lambar.

Anti Hauwa:
Yara ga wanda ba a cika kawowa a rai ba. Wata mata ce aka yi ta sake mata ɗiba, hannun dama hannun hagu, ba roba, aka kawo da gudu aka juya nan take, kullum 5.9 ko 6.0, ƙoda lafiya, ba ta shan komai, har an fara ba ta maganin saukar da shi. Na leƙa ɓangaren ƙidayar jini na ce ku nuna min nata, filatilet, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, 1,100 alhali daidai 150 zuwa 450 ne. Na ce a ɗibo a koriyar kwalba ta hefarin wadda ba ta barin jini ya daskare, ya fito 4.5. In jini na daskarewa filatilet suna sakin potasiyam ɗinsu cikin siram, ga mai lafiya bambancin siram da na hefarin ba ya wuce kaman 0.3 zuwa 0.4, amma in sun haura 500 sai ya fara nunawa. Tun 1955 Hartmann da Mellinkoff suka rubuta wannan, amma har gobe ana faɗawa ciki don mai kemistiri ba ya leƙa aikin maƙwabcinsa. Haɗarin a nan a yi ta saukar wa mutum potasiyam da yake daidai har a kai shi ƙasa.

Akwai kuma kishiyarsa ga masu kansar jini irin CLL da fararen ƙwayoyinsu suka yi yawa sosai, su ƙwayoyin ba su da ƙwari, a kwalbar hefarin ne ma yake fitowa sama, balle in an harba ta bututun iskan da ke kai samfur lab. Irin su a kawo da hannu a hankali.

Sannan Ummu Hanan kar ki tsaya a masu hauhawa kaɗai. Samfur ya fashe jajir kuma potasiyam ya ba ki 3.9, kar ki ce alhamdulillah daidai ne, ƙila na gaskiyar 3.0 ne ko ƙasa, musamman mai amai da gudawa ko mai shan furosemaid. Wannan ya fi ba ni tsoro don ba wanda zai kira ki a kansa.

Sadiq MLS:
Nawa gajere ne. Gulukos 38, sodiyam 121, potasiyam 7.2, yuriya da furotin duk sun yi ƙasa lokaci guda, mara lafiya kuma ba shi da ciwon suga. A hannun da ake ƙarin ruwa aka ɗiba, saman kanula, ledar destiros ce, wato ruwan suga, da aka zuba wa KCl, gishirin potasiyam. Aka ɗibo a ɗaya hannun komai ya dawo. Wani abun kuma, kar a sake juya kwalba mai jel, abun da ke raba siram da ƙwayoyi, bayan ta jima a ajiye don an ƙaro gwaji, ruwan da ya kwanta da ƙwayoyi a ƙasa zai hauro ya gauraya da na sama. In siram ɗin na buƙatar sake juyawa a tsiyaye shi a wata kwalba tukuna.

Ɗan Autan Benci:
Tunda manya na nan, ni na ga wasu na lissafi suna cire wani adadi daga potasiyam gwargwadon yadda inji ya auna fashewar, sai su saki wanda suka gyara. Anti ya kike gani?

Anti Hauwa:
Ban yarda da shi ba ɗana. Potasiyam ɗin cikin ƙwayar kowa ba ɗaya ba ne, kuma lissafin bai san ko a kwalba jinin ya fashe ko a jikin mutum ba. Mai sikila ko mai ƙarancin sinadarin G6PD a jini ko wanda aka ƙara wa jinin da bai dace ba, nasa na iya fashewa tun a jijiya, potasiyam ɗinsa na gaske ne, ka cire masa ka rufe wa likita ido. In an sake ɗiba a tsanake ya sake zuwa ja toh a duba bilirubin da retik da haftogulobin, gwaje-gwajen da ke nuna ko a jiki yake fashewa.

Abu Muhsin:
A nan ni da Anti ɗaya muke, inda muka sha bamban da wasu shi ne sakin lambar a rubuce. Mu in fashewar ta yi yawa ba ma saka lamba a takarda sam, sai dai a waya, don an sha ganin an karanta lamba an tsallake sharhin da ke ƙasa.

Likita Abba:
Ni kam na fi son lambar da sharhinta, amma na san abokan aikina, ba zan yi musu ba. Abun da nake yi in ina sauri shi ne in kai sabon jini injin gas, mai auna iskar jini har da potasiyam, minti 2 na samu.

Baban Lab:
Yana taimako likita, sai dai ka tuna gundarin jini yake sha ba a raba ba, yawancinsu in ya fashe ba za su gaya maka ba kuma kai ma ba za ka gani ba. In lambar ta ba ka mamaki turo mana ragowar sirinjin mu juya mu ga kalar ruwan.

Ummu Hanan:
Na gode ƙwarai Allah ya ƙara girma. Sista Rukky saura na jarirai da ake tsaga dunduniya ana matsawa, kusan duk wanda ya zo min a fashe yake kuma jinin bai kai a sake gwadawa ba, ku ya kuke yi da su?

Sista Rukky:
Ɗumama ƙafar tukuna na ƴan mintuna, a soka gefen dunduniya ba tsakiya ba, a goge ɗigon farko, sannan a bar shi ya ɗigo da kansa, ana ɗan dannawa ana saki, banda tatsa banda kankare fata da bakin kwalba. In duk da haka ya fito sama kuma likita na son tabbaci toh sai dai a nemi jijiya.