Takardun gidajen sistoci a Ayalan: na Coci ne ko na waɗanda sunansu ke ciki?

Bulus: Ni dai ina nan kan bakana, rajistocin da sistoci suka rubuta a gidajensu na Ayalan kayansu ne, gwamnati ba ta da hurumin ƙwacewa. Kar mu manta a 1922 ofishin ajiye takardun ƙasar da ke Four Courts a Dablin ya ƙone ƙurmus lokacin yaƙin basasa, takardun ɗaruruwan shekaru suka tafi. Da yawan abin da ya tsira na tarihin talaka a littattafan Coci yake.

Rahila: Yaya Bulus haba. Ba maganar littafin baftisma ake ba fa. Ana maganar mata ne da aka kulle a gidajen wankin Magdalene suna wanki da guga ba albashi, sama da 10,000 tun 1922, na ƙarshe sai 1996 aka rufe shi. Kwamitin McAleese da gwamnati ta kafa ya duba rajistocin ya fitar da rahoto a 2013, da aka gama sai aka mayar wa sistocin abinsu, to matar da ke neman ranar da aka shigar da ita da wanda ya kawo ta sai ta koma roƙon waɗanda suka tsare ta kenan?

Malam Sani: Ku yi haƙuri in sa baki. Abin garin Tuam ne ya tsaya min a rai, inda akwai gidan da ake kai matan da suka yi ciki ba aure da 'ya'yansu. Catherine Corless, mace ɗaya mai binciken tarihin garinsu, ta riƙa biyan yuro 4 kan kowace takardar mutuwa daga aljihunta har ta tara 796, duk yaran da suka rasu a gidan da sistocin Bon Secours suka riƙe daga 1925 zuwa 1961. Takardar mutuwa akwai, ta binnewa babu. A 2017 aka haƙa aka tarar da ƙasusuwan jarirai cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na tsohon ramin ƙazanta. Innalillahi.

Bulus: Malam ai ka kawo min hujja. Gidan Tuam na ƙaramar hukumar Galway ne, ita ke biyan kuɗin kowane yaro, kuma a ofishin gwamnati Corless ta samo takardun. Gwamnati ta san yara na mutuwa ta yi gum. Ita za a damƙa wa amana? Hukumar binciken da ta ce yara kusan 9,000 sun mutu a irin waɗannan gidaje 18 ita ce fa ta goge muryoyin mutum 550 da suka ba da shaida, sai da aka yi ca a kanta aka nemo kwafi.

Rahila: Laifin gwamnati ba ya wanke na sistoci. A gidan wankin High Park da ke Dablin, 1993 sistoci sun sayar da fili, aka ba da izinin tono gawa 133, aka tono 155, wasu ko takardar mutuwa ba su da ita. Wa ke riƙe da rajistar gidan? Ni 'yar Katolika ce, makarantar sistoci na yi, 'yan St Louis da suka zo Kano daga Ayalan a 1948 sun yi aikin da ba mai musu, shi ya sa abin ke min ciwo.

Bulus: To in an buɗe, sirrin matan da ba su taɓa faɗa wa 'ya'yansu ba fa ƙanwata?

Malam Sani: Dokar 2022 ta riga ta ba wanda aka raba da uwarsa damar karɓar bayanan haihuwarsa, uwar kuma tana iya rubuta cewa ba ta son a tuntuɓe ta. Ba a ce a watsa a intanet ba.

Rahila: Yauwa. A kai su wuri guda da ba Coci ba ma'aikata ke riƙe da makulli, mai suna a ciki shi ne farkon gani.

Bulus: A ba da kwafi na yarda. Na asali kam a bar wa masu shi.

Rahila: Kwafin da su za su zaɓi shafin da za a ɗauka? A'a yaya.